Yalon Uwar Shohid

Shekara ashirin da shida ke nan ina wanke kwalabe da kula da tanda a tashar binciken noma ta gundumarmu, can gefen kogin Jamuna, kuma a duk tsawon shekarun nan ban ga mai taurin kai irin Hasmot Ali ba. Ba gulmarsa nake yi ba, don na sha faɗa masa a gaban idonsa. In na faɗa, sai ya gyara tawul ɗin kafaɗarsa ya ce, "Monowara Apa, ke kuma ranar da ake rabon murfin baki kina wajen wanki." Apa a yarenmu 'yar'uwa ke nan, ni kuma Bhai nake ce masa, wato ɗan'uwa.

Lebura ne na gonakin gwaji, ɗan siririn mutum da zane ɗaure a ƙugu da ƙaramin lauje wanda ba ya rabuwa da shi. Aikinsa a ba shi fili da aka yayyanka gida-gida, kowane gida da ɗan allonsa mai lamba, ya shuka, ya ba da ruwa, ya yi noma, ya tsare, har ranar girbi manya su zo da sikeli a auna abin da kowane gida ya bayar. Shekara talatin da ɗaya yana wannan. Bai iya karatu ba sai lambobi, amma lambobin nan ya riƙe su riƙon farilla. Maganarsa ɗaya ce, duk tashar ta haddace ta: abin gwaji ba abin ci ba ne. Direban shugaban tasha ya taɓa tsinkar barkono uku zai kai wa matarsa. Hasmot ya bi motar da ƙafa har bakin ƙofa, ya karɓo su, ya je ya ajiye su a gindin lambar da aka cire su.

Wannan na dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne na ɗansa Shohid, da ya tsinki tumatir guda ɗaya yana shekara tara. Hasmot ya kwaɗa masa mari a gaban leburori, ya tasa shi gaba har ofis ya mayar da tumatirin da hannunsa. Shohid ya girma, ya tafi masaƙar tufafi a birnin Gazipur, ya yi aure can. Ba na cewa marin ne ya kore shi, aiki ne ya kai shi. Amma zuwansa ya koma daga sallah sai sallah, daga baya ma sai waya.

Abin da ke sassauta Hasmot a duniya mutum ɗaya ne, matarsa. 'Yar tsibirin Kajla ce, a tsakiyar kogi. Ranar da aka kawo ta, cikin kayanta akwai wani ƙullin tsumma da toka a ciki, a cikin tokar kuma irin yalon gidansu. Dogo ne kore mai ratsin fari, da ƙaya a hularsa. Kowace shekara takan shuka layi biyu a bayan ɗakinsu na kwatas, ta bar guda uku su nuna su yi rawaya a jikin uwa, ta cire iri ta shanya ta mayar cikin toka. In ta gasa shi a garwashi ta murje shi da man mastad, man nan mai ɗan yaji da muke girki da shi, da albasa da ɗanyen barkono, sai ka cinye shinkafar mutum biyu ba ka sani ba. Takan aiko min nawa a ɗan kwanon silba. Shekara goma sha bakwai ina cin girkin matar nan, kuma ban san sunanta ba. Uwar Shohid muke ce mata, kowa da kowa. Shi kuwa Hasmot, kamar sauran mazan zamaninsa, ko da wasa sunan bai taɓa fita daga bakinsa ba. In zai kira ta sai ya yi gyaran murya ya ce, "Kina ji?"

Kogi ya cinye tsibirin Kajla a damina ɗaya, mutanensa suka warwatsu, wanda ya tsira da kwanon rufinsa ya gode Allah, balle a yi maganar irin yalo. Bayan shekara biyu ita ma Uwar Shohid ta kwanta ciwo, sati uku ta rasu. Ni na yi mata wanka.

Shekarar da ta biyo baya ciwon yaushi ya shiga bayan ɗakin. Wanda ya taɓa noman yalo ko tumatir a ƙasar nan ya san shi. Da yamma shuka tana tsaye lafiya lau, da safe ka tarar ta sunkuya, ganyen kore shar amma laƙwas, kamar an zuba wa saiwar tafasasshen ruwa. In ka yanki karan ka tsoma a kofin ruwa, sai ka ga wani farin zare yana tsiyaya daga ciki. Ƙwayoyin cutar ke nan, a ƙasa suke zaune, kuma in sun shiga fili ba sa fita. Hasmot ya shuka shekara uku a jere, shekara uku suna mutuwa daidai lokacin fure. Ya gwada gwangwanaye da ƙasar da ya ɗebo daga nesa, cutar ta biyo ruwan kwata ta same su. Ya zaga kasuwanni biyar yana duba tarin yalo ko zai ga mai ratsin fari, bai gani ba. A shekara ta huɗu tsoro ya hana shi shukawa. Abin da ya rage ya zuba a wata 'yar kwalbar magani da toka ya ajiye a aljihun rigar sallarsa, yana sane kuma iri tsufa yake yi kamar mutum.

Zamansa a shekarun nan ba daɗin gani. Yakan dafa shinkafa sau ɗaya da safe ya raba ta biyu. Da azahar sauran leburori suna gindin mangwaro suna ta shewa, shi yana barandarsa ya juya wa hanya baya, yana ci yana kallon filin da ba komai. Mutane ba sa raɓarsa, don ya shekara talatin yana korar su daga gindin lambobi. Ni kaɗai nake zuwa in tsokane shi, ni ma ba kullum ba, don gidana cike yake da jikoki da surutu. Tausayinsa nake ji sosai, amma in ka nuna masa tausayi sai ya sha mur ya tashi.

Da gwiwoyinsa suka gaza, saura masa wata takwas ya yi ritaya, sai aka ɗauke shi daga gona aka mayar da shi gidan raga, inda ake gwaji a tukwane a kan benci. A lokacin ne aka turo mana Dakta Tahmina, yarinya ce ba ta fi talatin ba, mai sauri a tafiya da magana, kullum mayafinta na zamewa. Ita ta zo mana da aikin farin gari.

Ni nake yin garin da hannuna, don haka na san shi. In tafasa ganyen darbejiya in tace, a riƙa ɗiga ruwan a hankali cikin ruwan gishirin magniziyam ana juyawa, har wani gajimare ya kwanta a ƙasan kwalba. In busar da shi, in sa a tanda awa huɗu, in fito da abin da bai cika cokalin shayi ba. Nano ake ce masa. Dakta ta ce laushinsa ya kai a jera ƙwayarsa wajen dubu a kaurin gashin kai ɗaya, shi ya sa ba na buɗe shi sai da ƙyalle a hanci. Ta ce koren ganye da magniziyam yake ginuwa, kuma in ya yi laushi haka yakan yayyaga fatar ƙwayoyin cuta, ya kuma tashi shukar tsaye ta shirya tun kafin ciwo ya iso. A kwalba dai ya kashe cutar, ta gani da idonta. Saura a ga abin da zai yi a tukunya.

Ranar da ta nuna wa Hasmot, ya leƙa kwalbar ya taɓe baki.

"Uwata, wannan hodar da ko fuskar amarya ba za ta isa ba, ita za ta kori abin da ya gagari manyan daktoci?"

"Chacha, ai shi ya sa ake gwaji," ta ce tana dariya, don Chacha take ce masa, wato baffa. "Damuwata ɗaya ce. Irin kamfanin da muke da shi yana ɗan jure wa ciwon, rabi ya mutu rabi ya tsaya, ba za a gane aikin garin ba. Ina neman yalon da ba ya jurewa ko kaɗan."

Nan ne bakin nan da ba murfi ya yi aikinsa. Ina goge benci na ce, "In dai wajen mutuwa ne, ai babu kamar yalon Hasmot Bhai. Shekara uku yana ɗaukar na ɗaya."

Dakta ta juya da murna. "Da gaske, Chacha? Kana da irin da yawa?"

Ya dube ni, duban da na gane nufinsa, sannan ya ce, "Akwai, uwata."

Tana fita na rufe shi da faɗa. "Bhai, kanka ɗaya kuwa? Wane akwai? 'Yar kwalbar nan ce fa kaɗai a duniya. Cutar za a zuba musu da gangan."

"Ke kika fara, yanzu kuma kin dawo kina zare ido," ya ce. "Irin nan shekararsa huɗu. Baɗi ko a tafin hannu na shuka shi ba zai fito ba. A gida mutuwa ce tabbas. A nan ko ba komai akwai hoda. In ta yi aiki, ranar girbi bayan an gama awo sai in roƙi guda ɗaya a bar min ya nuna, in cire iri. Roƙo zan yi, ba ɗauka ba."

Ranar girbi. Na ji kalmar sarai. Shi a gona ya yi rayuwarsa, inda kowane gwaji yake ƙarewa da girbi. A gidan raga ba a girbi. In kwanakin da aka rubuta sun cika, tuge shukar ake yi, mai rai da matacciya, a raba saiwa da kara a auna, a sa a ambulan a kawo min in busar a tanda a sake aunawa. Abin da aka zuba wa cuta kuma ba ya fita waje, ƙone shi ake yi. Shekara ashirin da shida ina busar da shukokin da ba su taɓa ganin 'ya'yansu ba. Na buɗe baki zan faɗa masa, sai na ga fuskarsa da wani haske da rabona da gani tun matarsa na raye. Na ce a raina bari dai irin ya fito tukuna, wataƙila ma ba zai fito ba. Tsoro ne kawai, ba wani abu ba, kuma har yau ina jin kunyarsa.

Ƙwaya hamsin da biyu ce a kwalbar, ya ƙirga su a kan farar takarda. Ashirin da shida suka fito, biyu suka mutu tun suna ganye biyu. Aka dasa ashirin da huɗu a tukwane, sha biyu da jan allo, sha biyu da fari. Masu farin allo aka fara ba su garin a cikin ruwa, sati guda kafin cuta, sannan duk bayan kwana goma. Masu jan allo ruwa zalla, don a ga bambanci. Ranar zuba cutar sai an soka wuƙa a ƙasar tukunya an ji wa saiwa rauni don ta samu hanya. Hasmot ya ce ba wanda zai soka sai shi. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana bisimilla.

A kwana na tara jan allo mai lamba huɗu ya sunkuya. Washegari biyu. Na shigo da safe na same shi tsaye a kansu da butar ruwa, yana ba su daidai awon da yake ba wa farare, har da waɗanda suka riga suka kwanta.

"Bhai," na ce a hankali, "ga ragowar ruwan garin can a bokiti. Ka ɗan yayyafa musu mana. Wa zai gani?"

Ya juyo kamar na zagi iyayensa. "In na yayyafa, da me za a gane hodar ce ta yi aiki? Waɗannan mutuwarsu ita ce aikinsu. Je ki wajen kwalabenki, shaiɗaniya."

Na tafi ina ƙunƙuni, amma da na waiwaya ta cikin raga na gan shi ya tallafi wani ganye da ya yi yaushi a tafin hannunsa, ya daɗe bai saki ba.

Kafin kwana ashirin duk jajayen sun gama. A fararen uku suka bi su. Tara suka tsaya, suka yi kauri, ganyensu ya yi faɗi ya yi koren da ban taɓa gani a yalo ba. Dakta Tahmina sai ɗaukar hoto take yi tana magana ita kaɗai. A kwana na talatin da shida furanni suka buɗe, shuɗi-shuɗi. Da yake ƙudan zuma ba ya shiga gidan raga, Hasmot ya samo gashin kaza yana bin furen yana shafawa kowace safiya. Dakta ta gan shi ta yi dariya ta ce, "Chacha, kai ne ƙudan zuman namu?" Ba ta tambayi dalili ba, ta ɗauka son aiki ne. Mai lamba bakwai ya kama ɗa.

Mutumin nan ya sake gaba ɗaya. Ya yi aski. Ya fara zuwa gindin mangwaro da kwanonsa, ko da dai a gefe yake zama. Wata rana har ya saya min shayi da guggurun shinkafa, abin da bai taɓa yi ba, na ce masa yau za a yi ruwa da ƙanƙara. Ya ba ni wayarsa in nemo masa lambar Shohid, ya kara a kunne ya ce, "Yalon uwarka ya yi fure." Ina jin muryar daga inda nake, ga ƙarar injina a bayanta: "To madalla, Abba. Ina kan aiki, zan kira." Hasmot ya mayar da wayar aljihu ya ce ai masaƙa ba ta son wasa. Da yamma na wuce ta barandarsa na ga ya wanke 'yar kwalbar ya kife, yana tankaɗe sabuwar toka da tsumma.

Kullum nakan ce gobe zan faɗa masa, ko in faɗa wa Dakta. Shi ina tsoron kashe masa hasken nan, ita kuma ina tsoron ya ce na tona masa asiri. Haka na yi ta ja har kwana arba'in da huɗu. Ranar Dakta ta miƙo min ɗaurin ambulan da almakashi, ta kira ni Khala yadda ta saba, wato inna.

"Khala, gobe kwanaki sun cika. Ina taro da shugaba har azahar. Ki ce wa Chacha ya tuge su duka, ya wanke saiwa, ya yanke daga gindi, ya jera min bisa lamba. Ina fitowa za mu auna."

Na karɓa na ce to. Na bi ta ƙofar kwatas ɗinsu sau biyu da yammar nan, ban iya shiga ba.

Da safe na same shi yana shafa fure da gashin kazarsa. Ya dubi ambulan, ya dubi almakashi. Na faɗa masa saƙon kamar yadda aka ba ni, idona a ƙasa.

"A tuge waɗanne?"

"Duka, Bhai."

"Masu ran?"

"Har su. A nan haka ake yi. Ba a jiran girbi."

Ya ajiye gashin kazar a kan benci a hankali. "Kin sani?"

"Na sani."

"Tun yaushe?"

"Tun ranar farko."

Na so ya zage ni. Na so ya ɗaga laujen nan ma. Cewa kawai ya yi, "To."

"Bari in je in faɗa mata gaskiya, in ce irin ke nan ba saura. Kada ka taɓa komai sai na dawo."

"Ba inda za ki. Sha biyu aka rubuta, sha biyu za a auna. Yarinyar nan wata nawa tana wahala, sai ki je ki sa ta ɓata aikinta saboda tsoho da yalonsa? Ni na ce mata akwai."

"Kai da lambobinka ku ci kanku," na ce, na jefar da almakashin na fita. Kuskurena na biyu ke nan, kamata ya yi in tafi da shi a hannuna.

A ƙofar ofishin shugaba masinja ya tare ni ya ce taro ne na manya, in zauna. Na zauna a benci ina kallon agogon bango, ina lallashin kaina cewa Hasmot zai jira. Rabin awa, awa ɗaya. Da na ga an shiga da shayi zagaye na biyu, sai na tashi na ture masinjan na tura ƙofar, abin da ban taɓa yi ba tun da na fara aiki. Duk suka juyo. Na ce, "Dakta, ki zo yanzu," na faɗa mata sauran muna gudu a hanya.

Mun makara. Ya shimfiɗa jarida a kan dogon benci, ya jera su bisa lamba, kowanne saiwa a hagu kara a dama da allonsa a tsakiya. Saiwoyin fari tas, ko ƙwayar ƙasa babu. Furannin ba su ma fara yaushi ba. Ya share ƙasa, ya wanke almakashin, yana tsaye a gefe da hannu a baya kamar yadda yake tsayawa ranar awo a gona.

Dakta ta dafa benci. "Chacha, don me ba ka faɗa min ba? Da na sani, biyar sun ishe ni. Da na bar maka huɗu a nan ciki har su nuna, in rubuta dalili. Ba wani abu ba ne."

Ya dube ta. "Ana rage lamba?"

"Ana ragewa, Chacha."

"Ba wanda ya taɓa gaya min, uwata."

Ta rufe fuska da mayafi. Ni kuwa haushi ya ishe ni, na rasa wa zan ji wa, shi ko ita ko kaina, sai na hau tattara jaridun da ba su yi min komai ba. Dakta ta yi ƙoƙari, ban rage mata ba. Nan take ta yanki kan rassa shida ta kafa a jiƙaƙƙen yashi ko za su yi saiwa. Cikin kwana tara duk suka ruɓe, don cutar tana kwance a cikin karan, garin ne ya danne ta.

Amma a ranar dole a yi awo, tun da an riga an yanke. Shi yake ɗorawa a sikeli, ita tana rubutawa, ni ina sawa a ambulan. A jikin kowace ambulan akwai layin sunan iri, inda ta saba rubuta "na gida". Ta tsaya da biro a kan layin.

"Chacha, me ake kiran irin nan?"

"A tsibirin ba shi da suna. Yalo ne kawai."

Ta sunkuya za ta rubuta abin da ta saba. Sai ya yi gyaran murya, irin wanda yake yi in zai ce "kina ji".

"Rubuta Fuljan."

"Fuljan? Sunan wuri ne?"

"Sunanta ne," ya ce, ya ɗora na gaba a sikeli.

Haka na ji sunan matar da na ci girkinta shekara goma sha bakwai na kuma yi mata wanka. Dakta ta rubuta shi a kowace ambulan, ni kuma na jera su a tanda da hannuna na rufe.

Ɗan yalon mai lamba bakwai daban aka auna shi. Bai fi babban yatsa ba, amma ratsin farin ya fito, da 'yan ƙayoyi a hula. Irin cikinsa ruwa ne, ko wata biyu bai isa ya nuna ba. Hasmot ya tambaya, "An gama rubuta nauyinsa?" Dakta ta ce an gama. Sai ya ɗauke shi daga kan sikeli, a gaban idonmu, ya cusa a ƙullin zanensa. Mutumin da ya bi mota da ƙafa saboda barkono uku.

Bayan la'asar ina shirin tafiya gida ya leƙo ta tagar ɗakin wanki. "Apa, in kin gama ki biyo."

Na same shi a baranda da ɗan murhu. Ya gasa shi, ya ɓare, ya murje da man mastad da albasa da barkono. Duka bai fi cokali biyu ba. Ya raba, nawa a ɗan kwanon silbar nan da na sani, da loma ɗaya ta shinkafa.

"Bhai, ka yafe min," na ce.

"Ci tukuna. Ke kin fi ni baki, ki faɗa min ko shi ne."

Na ci. Ɗanye ne, da ɗaci da bauri, ga ƙauri don ya ƙone ta gefe. Ko kusa bai kama hanyar nata ba.

"Shi ne," na ce.

Ya gyaɗa kai. Ya ɗauki nasa kaɗan-kaɗan da kan yatsu, yana kallon filin bayan ɗakin, ya daɗe yana taunar abin da ba ya buƙatar tauna. Ya sa yatsa ya shafe kwanon.

"Gishirin ya yi kaɗan," ya ce. "Ita ta san awon."

Bayan sati biyar ritayarsa ta zo, aka karɓi makullin ɗaki. Shohid ya ce masa ya taho Gazipur, suna hawa na biyar, akwai wurin shimfiɗa a falo. Na raka shi bakin titi ranar wata Alhamis, da akwatin ƙarfe da laujensa a naɗe a jarida. Da motar ta tsaya ya laluba aljihu ya miƙo min 'yar kwalbar, cike da tokar da ya tankaɗe.

"Can ba ƙasa," ya ce. "In wani ya zo da mai ratsin fari, ga wurinsa."

Yanzu gwajin garin ya koma gona, a kan irin kamfani, kuma ana jiran girbi. Har yau ni nake tafasa darbejiya. Kwalbar tana kan tagar ɗakin wanki, in ina goge ƙura nakan ɗaga ta in mayar. Ranar kasuwa kuma sai na bi layin masu yalo daga farko har ƙarshe, har sun fara yi min tsiya wai ina dubawa ba na saye.